Ya Mota, Alhaji?

Gonar da Baba ya bar mana tana bakin titi, da ka fita Malumfashi ka miƙi hanyar Dayi. Muna yara daji ce sosai, ko abincin 'yan noma aka ce mu kai sai mun nemi rakiya. Amma bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru gari ya cim mata. Aka gina makaranta gabas da ita, wani ya kafa injin casar shinkafa daga yamma, masu neman filin gidan mai suka fara yi wa Yaya sallama tun da sassafe.

Mu uku Baba ya bari: Yaya, wanda shi ne babba kuma shi ke noma gonar, sai ni da ke koyarwa a firamare, sai Autanmu mai shagon kayan wuta a Funtua. Ba mu raba gadon ba. Kowace kaka Yaya zai aiko wa kowa buhunansa na masara da dawa, ba mai tambayar ko awon ya cika, don mun san mutumin da muke da shi. Yaya mutum ne da in ka taka shi, shi zai ce maka sannu. Ni kuwa duk faɗan gidanmu ni na kwashe. Ana yi wa Katsinawa tsiya wai bakinmu ba linzami, to in ana neman shaida a zo a same ni. Yaya kam sai ka rantse ba a ƙasar nan aka yanke masa cibiya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara mu a tsakar gidansa. Ya ce gonar ta gaji, taki ya fi ƙarfin talaka, kuma tunda gidaje suka kewaye ta awakin unguwa sun hana amfani sakat. Ya ce masu gidan mai sun yi tayin da ba lalle a sake samun irinsa ba. Shawararsa ita ce kada a raba kuɗin kowa ya cinye nasa, a sayi a-kori-kura. Shi zai riƙa janta da kansa, tunda ya yi tuƙin motar auduga a Funtua da ƙuruciyarsa, ya riƙa kwaso hatsin manoma daga ƙauyuka zuwa kasuwa, abin da ta kawo a raba yadda ake raba amfanin gona.

Auta ya ce in dai mota ce a sayi 'yar Kwatano, sauran kuɗin a nemi wata gona can ciki. Yaya ya girgiza kai.

"Wannan amana ce, ba tawa ce ni kaɗai ba," in ji shi. "Ba zan zuba gumin Baba a motar da wani ya gama mora ba. Sabuwa za mu saya, daga kamfani. Tana da garanti."

Yadda ya furta kalmar nan, garanti, sai ka ce sunan wani babban malami ya ambata. Ya yi mana bayani cewa duk abin da ya lalace a jikinta kafin wa'adin ya cika, kamfani ne zai gyara, ko sisi ba za mu biya ba. Auta ya yi ta gunaguni, daga baya ya ce tunda babba ya gani, shi ke nan. Ni ma na amince. Aka sayar da gonar, Yaya ya tafi Kano ya dawo da mota fara fat, kujerunta duk a leda. Maƙwabta suka yi ta shigowa sa albarka. Tun daga ranar, duk abin da Baba ya bar mana a duniya yana kan tayoyin nan huɗu.

Ba ta rufa wata biyu ba ta nuna halinta. Yaya ya ɗauko masarar mutane daga wajen Maska zai kai Funtua, ana cikin tafiya sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa, inji ya ɗauke ɗif, sitiyari ya sandare. Da ƙyar ya gangara da ita gefen titi. Ya yi ta murza makulli, shiru. Sai da ta huce don kanta sannan ta tashi, kamar ba ita ba. Wanda ya san hanyoyinmu a shekarun nan ya san ba mai son ya tsaya a tsakiyar daji da lodi, ga rana tana shirin faɗuwa. Mai masarar da ke zaune a gaba, daga ranar bai sake ba Yaya kaya ba.

Halinta ke nan tun daga lokacin. In tana fanko lafiya lau take gudu, za ka kai ta Kano ka dawo ba ta yi ko tari ba. Amma a ɗora mata lodi, ta yi tafiya ta ɗauki zafi, sai ta some. Mota ce da aka saya don lodi, kuma lodin ne kaɗai ba ta so.

Yaya ya mayar da ita Kano. Ya dawo yana yaba mutanen kamfanin, wai sun zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, an kawo masa ruwan gora, kowa sai Alhaji, Alhaji. Suka riƙe motar 'yan makonni, suka ce famfon mai ne, sun canza. Ta dawo ta yi aiki kaɗan, ta sake somewa da buhunan waken suya a hanyar Bakori. Ya sake mayarwa. Wannan karon suka ce wayoyin wuta ne. Da ta kuma, suka ce wata na'ura ce da suke kira ƙwaƙwalwar mota, suka haɗa da nasihar cewa Alhaji ya daina shan mai a bakin hanya, kuma ya rage lodi. Mutumin da ko a gidan mai sai ya zaɓa, kuma ana yi masa dariya a tasha don ba ya yarda a ƙara buhu ɗaya a kan ƙa'ida!

Duk lokacin da aka dawo masa da ita, bayan 'yan kwanaki sai wata yarinya ta kira shi daga kamfanin. Na taɓa jin kiran da kunnena. Na je gidansa da yamma duba matarsa, yana zaune kan tabarma yana gyaran igiyar ɗaure kaya, waya ta yi ƙara. Yaya ba ya jin waya sai a sifika. Yarinyar ta fara da wani ɗan Turanci da sauri-sauri, sannan ta juya Hausa, murya mai ladabi, irin ta 'yar mutunci.

"Alhaji, ina wuni? Ya gida, ya iyali? Ya mota, Alhaji?"

"Lafiya lau, 'yata. Alhamdu lillahi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. A gai da manyan."

Ya kashe waya ya ci gaba da igiyarsa. Na ce, "Yaya, ba jiya-jiyan nan ta mutu maka a Bakori ba?"

"Ta mutu mana."

"To ya ka ce alhamdu lillahi?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Malama," haka yake kirana tun da na fara aiki, "yarinya ta gaishe ni, sai in tare ta da kuka? Gaisuwa daban, ƙara daban. In na kai motar ai masu gyara zan faɗa wa, ita me ta sani a inji?"

Na yi tsaki na bar maganar, don a gaskiya haka muke duka. Kana kwance magashiyan a ce maka ya jiki, ka ce da sauƙi. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin sallama daga asibiti.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. 'Yan tasha suka laƙaba wa motar Mai-suma. Manoma suka janye kayansu ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba, sai dai ka ji an ce an riga an yi magana da wani. Wa zai ba ka tumatir ko barkono ka je ka shanya masa a hanya? Rabin shekara motar tana Kano, rabin tana gindin darbejiyar ƙofar gida. Kaka ta zo ta wuce, karo na farko a rayuwata na sayi masara da kwano a kasuwa, ni da aka haifa a gidan noma. Auta ya ɗauke ƙafa daga gidan Yaya, ko da Sallah a tsaye ya yi gaisuwa ya koma Funtua. Yaya ya fara ramewa, rigunansa suka yi masa yawa. Matarsa ta gaya mini a asirce cewa an sa masa maganin hawan jini.

Ni kuwa raina a ɓace yake kullum. Ina cikin aji ina koyar da yara, sai in tuna da rumfar gidan man da suka kafa daidai inda ƙatuwar ɗorawarmu take a da. Na daina bin hanyar Dayi in ba dole ba.

Wata rana ina tsince shinkafa na ji ana wani shiri a rediyo kan haƙƙin mai saye. Mai maganar ya ce mutanenmu suna ɗaukar garanti kamar wata alfarma ce da kamfani ke yi musu, alhali haƙƙi ne, kuma ko ba garanti doka ta ce abin da aka sayar maka dole ya yi aikin da ka saye shi dominsa. Na ajiye faifan. Washegari na tambayi wata abokiyar aikina da ƙanwarta lauya ce a Funtua, ta haɗa ni da ita.

Lauyar mace ce 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ta saurare ni har na gama zuba, zagin da na haɗa da shi ma ba ta katse ni ba. Sannan ta ce:

"Hajiya, doka tana tare da ku. Wanda ya sayi kaya ya tarar da aibi yana da haƙƙin a gyara masa, ko a canza masa, ko a mayar masa da kuɗinsa. Da tun a watannin farko kuka ce ba ku so, da maganar ta fi sauƙi. Amma ko yanzu, ba a yarda mai sayarwa ya yi ta juya mutum da sunan gyara ba, alhali ciwon bai tafi ba. Abu biyu za mu nuna: cewa matsala ɗaya ce ke dawowa, da kuma cewa Alhaji bai taɓa gamsuwa da gyaran ba."

Na ce, "Gamsuwa? Mutumin da ya kusa zama ƙashi da rai?"

Ta ce akwai hukumar da ke sauraron koken masu saye, can za mu fara, in an daidaita a zaman sulhu an huta da kotu. Ta nemi takardun da ake ba shi duk lokacin da ya kai motar. Na je na karɓo mata, ashe Yaya ya adana su tsaf a leda. Ta duba ta ɗan ɓata fuska, don kowace takarda da sunan ciwon da aka rubuta mata, ba biyu da suka zo ɗaya. Amma ta ce ba komai, kowane injiniya na gaskiya zai gane cewa suma ɗaya ce ake canza wa suna.

Shawo kan Yaya shi ne aiki. Ya ce shi tunda yake bai taɓa kai ɗan Adam ƙara ba, kuma mutanen nan ba su taɓa wulaƙanta shi ba. Na ce ruwan gora ba mota ba ce. Ya ce a ƙara haƙuri. Nan na tashi tsaye.

"Yaya, in taka ce kai kaɗai ka yi ta haƙuri har tashin ƙiyama. Amma gonar ubana ce ke kwance a garejin mutanen nan, da ta Auta. Haƙurin ka yi da rabonka, kada ka yi da nawa."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce to, a sa rana.

A Kano aka yi zaman, a wani ɗaki mai dogon tebur. Jami'in hukumar dattijo ne mai furfura a gemu, ya karɓe mu da mutunci. A ɗaya gefen ga manajan kamfanin, ga lauyansu. Lauyan nan shi ne har gobe ban yafe wa ba. Da baƙo ne wanda bai san mu ba, da na ce jahilci ne. Amma Bahaushe ne cikakke, da hularsa zanna, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Da muka shigo har ya ɗan rusuna wa Yaya ya ce, "Baba, an zo lafiya?"

Lauyarmu ta yi bayani tiryan-tiryan. Ta ce an sayar wa manomi motar ɗaukar kaya da ba ta ɗaukar kaya, an yi ta gyara ba ta gyaru ba, don haka a canza masa wata ko a mayar masa da kuɗinsa. Na ga jami'in yana gyaɗa kai. Na ji sanyi a raina, na ce yau dai Allah Ya kawo ƙarshen abin.

Lauyan kamfanin ya ce su ba su musanta cewa Alhaji ya kawo mota ba. Amma kowane zuwa matsalarsa daban, kuma kowacce an gyara an rufe ta, da yardar Alhaji. Ya ce a ƙa'idarsu ba a rufe koke sai an kira mai mota ya tabbatar da bakinsa cewa ya gamsu, kuma ana sanar da shi tun farkon kiran cewa ana naɗar muryarsa. Ashe ɗan Turancin nan da yarinyar ke yi da sauri-sauri ke nan. Ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur ya danna.

"Ya mota, Alhaji?"

"Lafiya lau, 'yata. Alhamdu lillahi. Mun gode."

Ya danna wani. Muryar Yaya ce dai, har ana jin kukan akuyarsu a bayansa. Alhamdu lillahi, Allah Ya saka da alheri. Ya danna wani kuma. Na saci kallon Yaya, na ga ya sunkuyar da kai.

"Baba, wannan muryarka ce?" in ji lauyan, a tausashe.

"Tawa ce."

"An tambaye ka ya mota, ka ce alhamdu lillahi. To ina so ka gaya wa mai girma jami'i, da ka ce alhamdu lillahi, ƙarya ka yi?"

Lauyarmu ta yunƙura za ta tare, amma Yaya ya riga ta. Ya ɗago kai, idanunsa sun yi ja.

"Ban yi ƙarya ba. Ni ban taɓa gode wa Allah da ƙarya ba. Ko yanzu ka tambaye ni, abin da zan ce maka ke nan."

Lauyan ya buɗe hannuwa ya dubi jami'in, wato ka ji da kunnenka.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kai ɗan nan, dube ni! Ba a taɓa yi maka mutuwa ba? Ranar da aka zo maka gaisuwa aka ce ya haƙuri, me ka ce? Ba da godiya ka ce ba? To murna kake yi da mutuwar? Ka san sarai abin da bawan Allahn nan yake nufi, a gidan Hausa aka haife ka, ba daga sama ka faɗo ba. Ka ɗauki gaisuwar dattijo ka mayar da ita igiya ka ɗaure shi da ita, tir da wannan karatu naka!" Na ƙara da wasu kalmomi irin namu na gida waɗanda ba zan rubuta su a nan ba. Lauyarmu tana jan gefen hijabina, jami'in yana cewa Hajiya a yi haƙuri, a zauna. Na zauna. Lauyan ko gezau, yana ta gyara takardunsa.

Jami'in ya yi adalci gwargwadon abin da ke hannunsa. Ya faɗa a fili cewa shi ma Bahaushe ne, ya san amsa gaisuwa ba ta kashe haƙƙin mutum. Ya nemi kamfanin ya canza motar a rufe magana. Manajan ya ce ba shi da wannan ikon, abin da za su iya shi ne su sake karɓar motar su yi mata gyara na musamman, da kayan da za a yi odarsu daga waje. Jami'in ya ce to sulhu sai da yardar ɓangare biyu. In ba mu amince ba, za a ci gaba da bincike, a kawo injiniya mai zaman kansa, a sake zama, wataƙila har a dangana da kotu. Ya ba mu lokaci mu yi shawara.

A waje, gindin wata bishiya, lauyarmu ta ce kada mu karɓa. Ta ce naɗin muryar nan abin tsoratarwa ne kawai, ba alƙalin da zai gina hukunci a kan gaisuwa. Ta ce zai ɗauki lokaci, za a sake kiran Alhaji a yi masa tambayoyi, amma tana ganin nasara.

"Za su sake kunnawa?" in ji Yaya.

"Za su kunna, Alhaji."

"Su sake tambayata ko godiyar da na yi wa Ubangijina ta gaskiya ce?"

Ta ce mai yiwuwa ne.

"To na gama," in ji shi. "Su gyara."

Na yi magiya, na yi faɗa, na yi kuka a bakin titin Kano mutane suna kallona. Na ce masa ba wanda ya ce ya ƙaryata godiyarsa, bayani kawai zai yi. Ya ce, "Malama, kin ga yadda na ji a ɗakin nan? Ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. In suka sake, ba zan fito da ƙafata ba." Na dubi fuskarsa na ga ba zuƙi yake yi ba, jijiyar gefen kansa har ta tashi. Na tuna maganin hawan jinin. Na haƙura, don ina son gonar, amma ban shirya binne shi a kanta ba.

Da muka koma ciki, lauyarmu ta ce to aƙalla su rubuta cewa za a tsayar da lissafin wa'adin garanti muddin motar tana hannunsu. Manajan ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Haba Alhaji, tsakaninmu da kai? Ba damuwa." Lauyarmu ta nace sai an rubuta. Yaya ya ce mutum ya ba da baki a gaban shaidu, a bar shi haka, shi dai a sallame shi ya tafi gida. Ya sa hannu. Muka hau motar haya muka dawo Malumfashi.

Kayan gyaran da za su zo daga waje sai da suka cinye wata kakar ɗungurungum. Lokacin da kowace a-kori-kura a ƙasar nan ke kwana kan hanya da masara da auduga, tamu tana Kano an lulluɓe ta da tamfol. Da rani aka kira shi ya je ya ɗauko. Ta yi ɗan yawo fanko, lafiya ƙalau. Gab da damina wani dillalin taki ya tausaya masa ya ba shi lodi zuwa Musawa. Ba su kai rabin hanya ba fitilar nan ta kama.

Da ya kira kamfanin aka ce masa wa'adin garanti ya cika tun motar tana wajensu. Manajan da ya dafa masa kafaɗa an mayar da shi wani gari, sabon kuwa ya ce shi bai ga komai a rubuce ba. In Alhaji yana son gyara a kawo ta, za a yi masa ragi. Lauyarmu ta ce har yanzu ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, ana iya komawa. Yaya ya ce ta yi haƙuri, ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah Ya biya ta.

Sai aka sa motar a kasuwa. Dillalai suka ce masa ya yi shiru kawai, mota ce da ko shekara uku ba ta yi ba, duk wanda ya gwada ta fanko zai biya da gudu. Yaya ya ce shi ba zai ɗora wa wani Musulmi abin da aka ɗora masa ba. Duk mai saye da ya zo, kafin ya buɗe ƙofarta Yaya ya zayyana masa aibinta kaf. Haka suka riƙa juyawa. Daga ƙarshe masu sayar da kayan gyara ne suka zo daga Zariya da janwe, suka saye ta don su farke ta su sayar gunduwa-gunduwa. Abin da suka bayar ko gefen gonar Baba ba zai saya ba a yau. Yaya ya raba shi biyu, ya aika mini rabi ya aika wa Auta rabi, shi bai ɗauki komai ba. Na mayar masa, ya sake dawo mini da shi.

Ruwan shuka ya sauka a wani daren Laraba, mai yawa, irin wanda manoma ke jira. Da safe gari ya watse, kowa ya saɓa sungumi da ƙwaryar iri ya nufi gona, har yara an hana su zuwa makaranta. Ina tsakar gida ina kwashe ruwan da ya taru a bakin madafa na ji sallamarsa. Na ɗago na gan shi cikin farar riga wankakkiya, da hula, da takalmin fita. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Yaya da fararen kaya ranar shuka ba. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa ba shi da inda zai je.

Na shimfiɗa masa tabarma a baranda, bai hau ba. Na jawo kujera, ya ce in bar ta. Sai kawai ya tattare rigarsa ya durƙusa a gabana, gwiwa biyu, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutumin da ya goye ni, wanda ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aurena.

"Innalillahi! Yaya, mene ne haka? Tashi, don Allah tashi!"

"Malama, na zo ki yafe mini gonar Baba," in ji shi. "Ni na ce a sayar, ni na ce a sayi sabuwa, kuma da bakina na ɓatar da ita. Ba na so in je kabari da haƙƙinku. Daga nan Funtua zan wuce wajen Auta."

Na kama hannunsa ina ja, ya ƙi motsi. Na ce masa ba shi ya cuce mu ba, cutarsa aka yi, masu laifin suna can cikin sanyi suna shan shayi, ko sunansa ba su tuna ba. Na ce in akwai mai durƙusawa su ne. Ina faɗa ina kuka, baƙin ciki kamar ya tsaga mini ƙirji, don duk faɗan da na iya a duniya na rasa wanda zan yi wa. Shi dai yana durƙushe, kansa a ƙasa, yana jira.

Na ce na yafe, don na san in ban faɗa ba, ba zai tashi ba. Har yau ban san abin da na yafe masa ba.

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Laka ta ɓata masa gaban rigar, na ce ya tsaya in ɗauraye masa, ya ce a'a, rana tana yi. Ya fita neman motar Funtua.